Ƙasa Ta Ƙi Tsaya wa Hamani

"Malam Abdulwahid, don Allah a nemo mana baro," in ji Mariamu daga ƙofar ɗakina. "Tun da aka fara yajin nan maigidan bai rintsa ba."

Mijinta, Hamani, mutumin Nijar ne, maƙwabcina a gidan haya da ke bayan layin dogo a Agege, Legas. Bara ya dawo daga Gabon a jirgin ruwa tare da wasu da aka koro. Kowa ya sauka ya kama gabansa, shi kuwa ƙasa ta ƙi tsaya masa. Yana tafiya ƙafafu a ware, hannu na laluben bango. A masallaci aka daina haɗa sahu da shi, domin duk wanda kafaɗarsa ta taɓa tasa sai ya tsinci kansa yana layi. Likita ya duba kunnuwansa, ya ce bai ga komai ba. Malamai suka ce mutanen ruwa ne.

Mota kaɗai ke ba shi sauƙi. Da danfo, ƙaramar bas ta haya, ta tashi, sai duniya ta natsu. Godwin, ɗan kudancin Kaduna da ke aikin kwandasta a wata danfo, ya bar masa kujerar baya. A nan yake barcinsa, Agege zuwa Oshodi, Oshodi zuwa Agege.

Sai ga watan Yuni na 2000. Aka ƙara kuɗin mai, ma'aikata suka shiga yajin aiki, motoci suka tsaya.

Na bi Mariamu ɗakinsu, muka same shi a ƙasa, ya rungume ƙafar gado, idanu jajur.

"Kuna ji?" ya ce, kunnensa a kan siminti. "Waɗanda aka jefa ruwa a hanya. Suna ƙwanƙwasawa daga ƙasa."

Ni ban ji komai ba. Mariamu ta kau da kai.

Godwin ya aro baro wurin wani mai burodi, ya shimfiɗa tabarma a ciki. Muka ɗora Hamani. Ba shi da nauyi.

"Oshodi! Oshodi!" Godwin ya buga gefen baron. "Oga Hamani, shiga da canjinka, yau ba go-slow."

Hamani ya yi murmushi. Kafin mu kai kwanar mahauta ya yi barci.

Titi fayau, ba hon, ba hayaƙi, sai kukan tayar baro. Muka riƙa karɓa-karɓa, daga masallaci zuwa layin dogo mu juyo, Mariamu na biye da lema tana tare masa rana. Da zarar an tsaya canza hannu sai ya zabura da ihu, ya damƙe ƙarfen baron.

"Kada ku tsaya! Za su hau!"

Sai muka koyi miƙa wa juna hannun baron muna tafe.

Bayan la'asar, ni ke turawa, taya ta faɗa rami a bakin layin dogo. Baro ya tsaya cak. Na jira ihun.

Godwin ya sunkuya, ya kara kunne a ƙirjinsa. Ya daɗe a haka. Ya miƙe ya cire hularsa.

"Mama," ya ce.

Mariamu ba ta dube shi ba. Ta gyara riƙon lemar, inuwa ta koma kan fuskar mijinta.

"Malam, a ci gaba da turawa," ta ce a hankali. "Ko zuwa masallaci ne."

Godwin ya ɗaga tayar daga ramin. Na tura.