Ragon Suna da Buji Huɗu

Duk wanda ya san Ridwan a unguwar Didaouré ta garin Sokodé ya san shi da abu biyu, bakinsa da motarsa. Bakin ba ya hutawa, motar kuwa ba ta tashi sai ta ga dama. Tsohuwar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, da ita yake jigilar doya da gawayi daga Adjengré zuwa kasuwar Sokodé. Sun daɗe tare har ya san tarinta, ya san atishawarta. In ta yi gardama zaginta yake yi tas, sannan ya buɗe bonet ya lallashe ta.

Matarsa Zalia ta tafi gidan iyayenta a Dapaong haihuwar fari, kamar yadda aka saba, ta kuma sauka lafiya, an sami 'ya mace. Tun da aka yi haihuwar Ridwan bai sa yarinyar a ido ba. Hoto ɗaya ƙanwar matar ta turo masa a waya, shi ma rabinsa babban yatsan mai ɗaukar hoton ne, sauran rabin kuma zane. Bawan Allah ya ƙura wa zanen nan ido har ya haddace furanninsa. Gobe da sassafe suna, ga rago ya saya, fari mai baƙin kunne, ya ɗaure shi a bayan mota. Ba abin da yake so a duniya irin ya isa Dapaong ya ga 'yarsa.

Sai ga saƙo. Surukinsa Alhaji Awudu, uban Zalia, ya zo Sokodé sarin goro, ya ce tunda hanya ɗaya ce, sai a tafi da shi.

Wayyo Ridwan! A gidansu ba a haɗa ido da suruki, ba a ci a gabansa, ba a yi masa musu ko da ya ce rana daga yamma take fitowa. Gaisuwa ce kawai a tsugune, sai "to, Baba". Shi ma Alhajin bai taɓa kiran sunan Ridwan ba, sai dai "mai mota", kuma in zai yi masa magana gefe yake kallo kamar da bango yake. Ga shi yau za su zauna kafaɗa da kafaɗa tun daga Sokodé har Dapaong.

Ridwan ya sayi sababbin buji huɗu, 'yan fulogin nan da ke ba inji wuta, da niyyar ya sauya su kafin a kama hanya, don motar ta kwana biyu tana ɗingishi. Amma kafin ya buɗe bonet, Alhaji ya riga ya sauko daga kan babur da huhun goronsa, ya shige gaba ya zauna, yana jan carbi. Wa zai ce wa suruki ya jira? Ridwan ya cusa bujin a aljihun mota, ya yi bisimilla.

Suka wuce Bafilo, suka wuce Kara. Mutumin da ko shi kaɗai ne a mota sai ya yi hira da sitiyari, yau ga shi ya yi gum, gumi na bin wuyansa. Rago ne kaɗai ke magana a baya.

A hawan dutsen Défalé motar ta fara shessheƙa. Ridwan ya lallaɓa ta a zuci, yana cewa, "Haba 'yar albarka, kada ki tona mini asiri yau." Ta daure har suka wuce Kanté, sannan ta yi tari, ta yi jijjiga, ta mutu murus a gindin wata kuka, inda ba gida ba rumfa.

Ridwan ya fito da bujin da sufana. Wannan aiki ba komai ba ne a wurinsa, ko shayi ba zai huce ba zai gama. Ya ɗaga bonet ke nan sai ya ji an buɗe ƙofa. Alhaji ya fito yana naɗe hannun babbar riga.

"Buji ne," in ji Alhaji, yana kallon kukar. "Tun Kara na ji. Lokacin da nake bin manyan motoci zuwa Wagadugu, ba a ma haifi wasu ba. A miƙo."

"To, Baba."

Ridwan ya miƙa sufana da hannu biyu. Ko makahon bakanike ya san yadda ake yi: a cire waya ɗaya, a sauya bujinta, a mayar da ita, sannan a taɓa ta gaba, don kada wayoyin su rikice. Alhaji kuwa ya sa hannu ya tattaro wayoyin nan huɗu gaba ɗaya kamar mai tuge albasa, ya fizge su daga kan buji, ya fizge su daga kan dalko, wato abin da ke raba musu wuta, ya karkaɗe su a cinya.

"Dubi datti," ya ce wa kukar. "Yaran yanzu ba su san tsabta ba."

Ridwan ya zaro ido. Ya buɗe baki, ya tuna da wa yake tare, ya mayar ya rufe.

A gaskiya, Alhaji ya iya ɗaura buji. Ya kwance tsofaffin, ya hura ramukan, ya ɗaura sababbin daidai wa daida. A wurin mayar da wayoyi ne aka yi ta. Ya jera su bi da bi, ta farko a ramin farko, ta biyu a na kusa da shi, har ya zagaye dalko, ya ja da baya yana sha'awar aikinsa.

"Komai na duniya da tsari yake," ya ce. "Babba a gaba, ƙarami na bin sa. A tayar."

Ita kuwa wutar inji ba ta bin layi, tsallake take yi, Ridwan ya san haka kamar yadda ya san sunansa. Amma ya ce, "To, Baba," ya shiga ya murɗa makulli.

Tau! Motar ta buga wata ƙara kamar bindigar maharba. Rago ya yi tsalle har igiya ta shaƙe shi, tsuntsayen kan kuka suka watse, hular Alhaji ta faɗa cikin inji. Ya ɗauko ta, ya kaɗe, ya mayar a kai da tabon baƙin mai a goshi.

"Bujin nan jabu ne," ya ce.

Ya kwance sababbin ya mayar da tsofaffin. Tau! Ya ce to man ne aka gauraya da kananzir. Ya sake mayar da sababbin, ya tsotsi tiyo, ya tofar, ya ƙwanƙwasa batir da dutse. Wayoyin nan dai suna nan a jere, bai ko kalle su ba. Inuwar kuka ta tashi daga kan motar ta koma hayin titi.

Ana cikin haka wayar Ridwan ta yi ƙara a aljihu. Zalia ce. Ya amsa kiran mata a gaban ubanta? Allah ya kiyaye! Ya danne aljihun da tafin hannu, ya kama tarin ƙarya har ta katse. Ta sake kira, ya sake tari. Alhaji ya ce wa kukar a riƙa shan citta.

Da la'asar ta yi, Alhaji ya ɗauki buta ya zagaya bayan kuka. Nan fa Ridwan ya yi wuf, ya mayar da kowace waya gidanta. Suka yi salla, Alhaji a gaba, shi a baya, zuciyarsa fari ƙal, har ya fara jin ƙamshin jaririya a hanci. Aka shafa, ya nufi sitiyari.

"A dakata," in ji Alhaji. Ya leƙa cikin inji, ya daɗe yana kallo. "Ikon Allah. Wa ya hargitsa mini aiki?"

Ridwan ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Alhaji ba zai tuhumi surukinsa baki da baki ba, wannan ba ɗabi'ar manya ba ce. Sai ya juya ya dubi ragon, wanda aka sauke aka ɗaure a jikin bamba yana cin ciyawa.

"Kai ne?" ya ce wa rago.

Rago ya ci gaba da tuƙa. Alhaji ya tuge wayoyin, ya sake jera su bi da bi.

Ridwan ya ji kamar ya kwanta a kan kwalta ya yi birgima. Rana ta yi ja, Mango ma ba su kai ba, balle Tandjouaré, balle Dapaong. In suka kwana a nan, za a raɗa wa 'yarsa suna ba uba, ba rago, dangin Zalia kuma su sami abin faɗi har yarinyar ta yi aure. Duk wannan ma da sauƙi. Shi dai yana son ganin 'yarsa, so irin wanda bai taɓa sanin akwai shi ba, ga shi ba dama ya faɗa, don ɗan fari ba a nuna ɗokinsa a gaban manya.

Ya je ya tsuguna a gaban rago, ya kama igiyar kamar mai gyara ƙulli. Ya ce, "Rago, kai dai ka san ba a jera su bi da bi. Daga ta farko sai a tsallake ɗaya. Ka sani sarai, kunya ce ta hana ka faɗa."

Ridwan ya tabbata yau aurensa ya mutu a bakin titi.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Rago," ya ce, "tun yaushe ka fara koya wa masu furfura aiki?"

Rago ya ce, "Mee."

Sai wayar Alhaji ta ɗauka. Matarsa ce, Hajiya Rakiya, mai ƙarar muryar nan, wadda ba ta bukatar waya in dai Dapaong ne zuwa Kanté. Ridwan yana jin komai daga inda yake tsugune.

"Alhaji, kuna ina? An jiƙa shinkafa, an gaya wa liman, wanzami ya aiko! Mai jegon nan tun azahar take leƙen ƙofa, ta ƙi cin abinci. Kada dai ka ce mini ka sa hannu a motar mutane!"

"Muna tafe," in ji Alhaji, ya kashe da sauri.

Ya tsaya ya dubi injin, ya dubi rana, ya dubi baƙaƙen hannayensa. A nan Ridwan ya saci kallonsa, karo na farko tun Sokodé, sai ya ga ashe tsohon ma a tsorace yake. Ya daɗe da gane ya yi kuskure, hanyar sauka ce ya rasa.

Alhaji ya ɗauki buta, ko ruwa babu a cikinta. Ya tsaya a kan rago.

"Zan zagaya," ya ce masa. "Zan daɗe. In na dawo kuma ba zan leƙa ko'ina ba, idona ba ya gani sosai da yamma."

Ya tafi can nesa, har bayan wata gonar dawa. Kafin ya ɓace Ridwan ya gama gyara wayoyin. Da ya dawo, tun daga nesa yake tari don a san yana tafe. Ridwan ya murɗa makulli, mota ta tashi tashi ɗaya, tana gurnani lafiya lau kamar ba ita ba.

"Na faɗa," in ji Alhaji, yana gyara zama. "Hucewa kawai take so ta yi."

"To, Baba."

Sun shiga Dapaong ana fitowa daga sallar isha. Kafin Ridwan ya sauke rago, duk gidan sun ji yadda mota ta mutu a daji, da yadda Allah ya sa Alhaji na ciki. Aka kai baƙo ɗakin waje ya kwana. Yana jin kukan jaririyar ta bayan katanga, amma ba hanyar shiga.

Da safe aka taru, liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yarinya Khairiya, aka raba goro, aka yanka rago. Ridwan ya ji mutuwar ragon nan har cikin ransa, don duk garin ba shi da wani mai isar masa da magana. Aka shanya fatar a jikin katanga, an barbaɗa mata gishiri.

Da wanzami ya gama aski, aka kawo wa kaka jikarsa a naɗe cikin farin mayafi. Jama'a sun watse wurin nama, rumfar ta rage daga Alhaji sai Ridwan, wanda ke tsugune can bakin tabarma, ya kau da kai yana kallon wata kaza kamar bai taɓa ganin kaza ba. Wuyansa har ciwo yake don son ya juyo.

Alhaji ya yi wa jaririyar addu'a, ya tofa mata. Ya dubi keyar surukinsa. Sannan ya kwantar da ita a hankali a kan matashi, ya miƙe, ya ɗauki buta, ya tsaya a gaban fatar ragon.

"Zan zagaya," ya ce wa fatar. "Zan daɗe."

Ko da takunsa ya ɓace, Ridwan ya rarrafo. Ya ɗauke ta, ba nauyi ko kaɗan, ga ɗan kai an aske tas, ga hanci irin na Zalia, ga baki kuwa nasa ne sak, har ta fara motsa shi. Mai bakin Didaouré ya rungume ta a ƙirji. Hawaye kawai ya ji suna sauka, ya bar su.

An daɗe kafin a ji tari daga bayan katanga, tari mai tsawo, har da hutawa a tsakani. Ridwan ya mayar da ita kan matashi, ya koma wurin kazarsa. Alhaji ya zauna, ya ɗauki jikarsa, sai ya tsaya. A jikin farin mayafin ga shatin babban yatsa nan baƙi ƙirin, na man inji wanda sabulu bai gama fitarwa daga hannun mai mota ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon tabon, yana ɓoye murmushi a gemu. Sannan ya ɗaga kai ya dubi fatar da ke jikin katanga.

"Kai ne?" ya ce.