Hankakan Zacharias

Lukmanu ne mai kula da sito a wani kamfanin abincin kaji da ke Idu a Abuja, kuma hankaki sun hana shi sakat. Da an sauke masara a bakin sito sai su sauko kamar an aika musu katin gayyata, su farke buhu, su bar shi da shara da faɗan manaja. Da abin ya ishe shi ya nemo Zacharias daga Nyanya, wanda kama hankaki ne sana'arsa.

Tarkon da ya kawo keji ne na waya mai ɗaki biyu, da katako a tsakani. Ɗaki ɗaya na baƙin hankaki ne, suna faɗawa ta sama, ba hanyar fita. Ɗayan na wani hankaka ne da Zacharias ya raina tun yana ɗan tsako, ya sa masa suna Ciyaman. Shi ke kuka ya jawo 'yan uwansa. In babu shi, kejin tarkacen waya ne kawai.

"Oga, ka ba shi ruwa, amma wannan katako kar ka taɓa," in ji Zacharias. "Ciyaman shi ne ofis na, shi ne gona na. Zan dawo da yamma."

Kafin azahar huɗu sun faɗa. Rana ta take, baƙin suka buɗe baki suna haki, Ciyaman kuwa yana gefe da kwanon ruwansa shi kaɗai. Lukmanu mutum ne mai tsoron alhaki. Ya tuna wa'azin da ya sha ji kan wanda ya tsare dabba ya hana ta ruwa. Ya ɗaga katakon don kowa ya sha, ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tarar da guda ɗaya a bakin kwano, ya sauke katakon ya raba shi da sauran. Bai tsaya tambayar kansa ko wane ne wannan ɗayan ba.

Da la'asar manaja, Madam Justina, ta leƙo ta taga ta ce baƙi na tafe daga ma'aikata, ba ta son jin wannan ihu. Lukmanu ya lallashi kansa da cewa malamai sun halatta kashe hankaka, ƙishirwa ce ba su halatta ba. Ya zura hannu ɗakin baƙin hankakin, ya gama da biyu, ya jefa a buhu.

Yana laluben na uku ya lura da wanda ke ɗakin Ciyaman. Sai dukan waya yake da ƙirji, har baki ya fashe. Da safe kuwa mai wannan ɗaki zaune yake abinsa yana gyaran fiffike.

Lukmanu ya zare hannunsa. Ya tsuguna ya duba ukun da suka rage, ya buɗe buhu ya duba biyun. Duk baƙaƙe, duk da farin ƙirji, ko uwarsu sai ta yi da gaske kafin ta bambance su. Ya kira "Ciyaman" a hankali, kunya na kama shi, babu wanda ya waiga. Ya ce wa kansa ai muryarsa ce tsuntsun bai sani ba. Ya riƙe wannan magana gam, don ba shi da wata. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar kamfani sai ya leƙa ko Zacharias ne.

Zacharias ya iso da gumi, yana ƙorafin cunkoson Nyanya. Kallo ɗaya ya yi wa kejin ya daina magana.

"Oga, ka taɓa katako?"

"Ƙishirwa suke ji, Zacharias. Wallahi ruwa kawai na so su sha."

Zacharias ya tsuguna. Ya ciro gyaɗa daga aljihu, ya zura tafin hannunsa cikin kejin, ya yi wani ɗan fito. Lukmanu yana ta addu'a a zuci. Hankakin nan uku suka watse, kowanne ya manne a kusurwa. Ya sake fiton, ya jira, hannunsa a buɗe har gyaɗar ta fara zubewa.

Sannan ya miƙe, bai kalli Lukmanu ba.

"Ba ni buhun," ya ce. "Ni zan gane shi."