Muhsina Ba Ta Duban Malama

Takardar da makaranta ta aiko ce ta hana Alhaji Yacouba buɗe shagonsa na titin Tremont, can ƙasar Turawa, ran Talata. Wai 'yarsa Muhsina ba ta mai da hankali a aji, saboda haka an cire sunanta daga cikin masu zuwa gasar lissafi ran Asabar. Muhsina fa! Yarinyar da ta yi wata uku ko tuwo take ci littafi na kan cinyarta.

Ya tasa ta gaba har ofishin malamarsu ta lissafi, wata baturiya mai tabarau. Da ya ce yana da magana, sai ta ajiye biro ta gyara zama ta ce, "I'm all ears."

"Mi ta ce?"

"Baba, wai ta kasa kunne. Haka suke faɗi in sun bar komai don su saurare ka," in ji Muhsina, kanta a sunkuye.

"To madalla. Tambaye ta laihinki."

Malamar ta nuna yarinyar da hannu biyu. Ai ga shi nan, ko yanzu ƙasa take kallo! Tun farkon zango ba ta taɓa ɗago ido ta dube ta ba in tana koyarwa.

Muhsina na gama fassarawa, Alhaji ya miƙe zumbur har kujera ta yi ƙara.

"Wannan ne laihin? Ai ni na hore ta haka! Mu can Maraɗi yaro ba ya zuba ma babba ido. Ke, maido mata darasin jiya, kada ki rage komi."

Muhsina ta fara, idonta na kan takalminta. Ta kawo darasin tiryan-tiryan, da misalin jiragen ƙasa biyu da aka ba su, har inda malamar ta rubuta bakwai a madadin tara ta goge da hannun riga. Baiwar Allah ta cire tabarau, baki buɗe. Nan take ta jawo takardar sunaye ta mayar da na Muhsina, tana ta ba da haƙuri.

Tun kan matakala Alhaji ya kira matarsa a waya, muryarsa har tsallaken titi.

"Hajiya, ɗora tukunya! Asabar da ɗiyarki za a tahi!"

Sannan ya juyo ya ɗaure fuska. "Ke kuma, a aji ki riƙa ɗago kai kaɗan. A gida kuwa kada in gani."