Baba Tela da Makarantun Turawa

Tunda Auta ta sami aikin jinya a ƙasashe uku lokaci guda, gidanmu ya koma majalisar ilimi. Ingila na kira, Amurka na kira, Ostareliya ma haka. Ita kuwa ta ce inda makaranta ta fi dacewa da ƴarta, nan za ta.

Ƴar ita ce Maɓalli. Baba ne ya laƙaba mata sunan, don tun tana rarrafe take shiga ƙarƙashin kekensa na ɗinki tana tsince maɓallan da suka faɗi. Yanzu ita ke zura masa zare a allura, saboda idonsa ya fara yi masa gardama. Duk mun san idan ta tafi shagon nan zai yi masa faɗi.

A farkon watan Yuli muka jingina waya da gwangwanin maɓalli, muka kira Yaya a Ingila da Kawu a Amurka. Yaya ta fara cika baki: yaro tun yana ɗan shekara huɗu yake aji, kafin ka ankara yana karatu. Baba ya girgiza kai.

"Wato a yaye shi yau, gobe a ɗaura masa nektai a wuya. Allah ya kyauta."

Kawu ya ƙyalƙyale da dariya, ya hau yabon motar makaranta da ɗakin karatu. Baba ya bar shi ya gama tsaf.

"Kayan makarantar wane launi ne?"

"Ai a tamu kowa da kayan gida yake zuwa."

"To, kasuwa ke nan."

Daga nan Yaya da Kawu suka kaure da musu, kowa na tona asirin ƙasar ɗan'uwansa. Baba na gefe yana ƙara musu gishiri, fuskarsa kamar ba shi ba. Sai da suka gaji ya yi gyaran murya ya ce shi dai Ostareliya ta kwanta masa. Mutumin da ko a taswira ba zai nuna ta ba! Wai wani da ya kawo gyaran wando ya gaya masa can ba a barin yaro wasa a rana sai da hula.

"Ƙasar da ta san darajar kan yaro, ai ta san abin da za ta zuba a ciki," in ji Baba.

Ni na ɗauka tsufa ne. Auta kuwa ta hau latsa wayarta.

Washegari ta same shi a shago, ina riƙe masa wani yadi. Ta durƙusa kusa da keken.

"Baba, na duba. Ingila da Amurka nan da Satumba sun koma aji. Ostareliya kuwa sai ƙarshen Janairu suke fara shekara."

"Haka ne? Ikon Allah." Bai ɗago ba.

"Mai gyaran wandon bai gaya maka wannan ba?"

"Ya ɗan taɓa zancen."

Ta yi dariya har idonta ya ciko. Ta ce Ostareliya za su, kuma sai bayan sabuwar shekara. Tausayinsa ya kama ni, har na kasa duban fuskarsa.

Baba ya miƙa wa Maɓalli allura, ta lashi bakin zaren ta zura. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya rage murya.

"Auta, cikin ƙasashen nan masu Turanci, babu wadda ke buɗewa bayan Janairu?"