Sunan da Inno Ba Ta Faɗa

Mu biyu ne ɗaliban Saje Audi kafin Inno ta zo ta zama ta uku, kuma ba zan ɓoye ba, ban so zuwanta ba.

Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai. Ina koyarwa a firamaren Dutsin-Ma, sai ga sanarwa daga Katsina cewa malamin da ya ci jarrabawar Faransanci za a tura shi kwas a Yamai. Ni da ko Funtuwa ban taɓa wucewa ba, Yamai ta shiga kaina ta yi zaune. Ina rubutu a allo, ina ganin wani kogi mai faɗi da ban taɓa gani ba, da ni a bakinsa cikin farin wando. Abokin karatuna Alhaji Ummaru ne, falke, mai neman takardar zama a Abijan, wanda ya gaji da tafintoci suna yi masa yadda suka ga dama.

Saje Audi mutumin Tasawa ne. Ya yi shekara goma sha biyar a sojan Faransi, ya dawo da ɗingishi, ya kafa rumfar gyaran keke a bakin kasuwa. Ran kasuwa da ran Asabar, in an yi la'asar, sai ya kife keken da ke hannunsa, ya share ƙasa da tafin hannu a gindin durumi, ya yi mana rubutu da guntuwar waya. Rabin darasin ba karatu ba ne. Sai ya lumshe ido ya kai mu wani gari a bakin teku, inda burodi ya yi tsawon sandar makiyayi, inda jirage ke kuka kamar bijimai, mata na shanya a saman bene. Mu kuwa mu yi tsit, ga ƙanshin ƙasar da aka yi wa yayyafi, ga duwatsun gari sun yi shuɗi a nesa, har sai jaki ya yi kuka ya dawo da mu Dutsin-Ma.

A irin wannan la'asar ce wata Bafillatana ta sauke ƙwaryar nono a gefen tabarma ta durƙusa. Doguwa ce, ba za ta kasa shekara arba'in da biyar ba, daga wata ruga kusa da Kutawa.

"Malam, kai aka ce mani kana koyar da bakin Faransi?"

"Ni ne," in ji Saje. "Ɗanki za ki kawo?"

"Ni za ka koya ma."

Alhaji Ummaru ya ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa haushi ya kama ni. Wata uku ya rage a yi jarrabawa, sai a tsaya koya wa mai tallan nono baƙi? Saje bai yi dariya ba. Ya tambaye ta dalili, ta faɗa tana kallon ƙwaryarta.

Ɗanta na fari, tun da aka yaye shi aka ba wanta Manu riƙo, yadda aka saba. Manu ya haura da shanu hayin iyaka, inda muke kira ƙasar Faransi, can aka kama yaron aka sa shi lakwal, wato bokonsu na can, daga lakwal sai soja, daga soja sai wani yaƙi da ake yi bayan hamada. Bana Manu ya dawo Wurma, kusa da Kurfi, sai ga mota ta sauke masa yaron da akwatin ƙarfe da takarda. Jikinsa lafiya lau. Amma ba ya amsa wa kowa, da Hausa ko da Fillanci. Yana zaune a gindin tsamiya yana magana shi kaɗai da bakin Faransi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Manu ya ce in aka yanke gero bai dawo ba, zai kai shi wurin wani malami da ke sa irinsu a mari.

"Ba ni son a sa mashi ƙarhe," in ji ta. "In can ya tsaya, cikin bakin nan, to ni in tahi can in same shi."

Saje ya matsa mata gefen tabarma. Daga ranar muka zama uku.

Rigima ta fara tun darasin farko. Saje ya ce kowa ya juya ya gai da na kusa da shi, ya kira sunansa. Na juya na ce, "Banjur, Inno." Ta amsa daidai. Saje ya ce mata, "To ke ma. Sunanshi Mahmuda."

Sai na ga ta ja mayafi ta rufe baki. Can ta ce, "Banjur, mai sunan wanga."

"Wane wanga?" na ce. "Suna gare ni, an yanka mani rago!"

Alhaji Ummaru ya taɓa ni. "Malam, sannu-sannu. Halan sunan ɗan nata ne."

Shi ne kuwa. Ba wai ban san kunyar ɗan fari ba. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan wana ba, in an zo wurin sai ta ce "wancan." Amma ina ganin abin na cikin gida ne, ba na gindin durumi ba, inda muke shirin haye iyaka. Wata uku cur matar nan tana ce mini mai sunan wanga, har 'yan kasuwa suka ɗauka, har yau akwai tsofaffi a Dutsin-Ma da ba su san ni da wani suna ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ta fi ni. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ba ta kuma nemi ta sani ba. Kunne ne da ita. Abin da Saje ya faɗa sau biyu ta ɗauke, ta tafi da shi hanyar Kutawa tana rerawa kamar mai kiran shanu. Ta ce in tana tatsa da safe da Faransanci take lallashin saniya, ta ce mata "dusma, dusma," wato a hankali, saniyar kuma ta tsaya. Ta ce ta fara mafarki da garin nan na bakin teku. Tana yawo a cikinsa da ƙwarya a ka, tana bi layi-layi, kowace ƙofa ta buɗe sai ta tarar da tsamiya a ciki, da mutum a zaune ya juya baya. Tana ba da labarin ido a lumshe kamar Saje, ni kuwa ina fama da littafina ina jin kishi. Jarrabawar, in ana son sani, na faɗi. Yamai tana nan inda take, ban je ba.

Da gero ya fara fitar da kai, Saje ya tsara mata abin da za ta faɗa. Gajere ne: ni ce, na zo, tashi mu je gida. Ta haddace a zama ɗaya. Sannan ya ajiye wayarsa ya ce, "Saura abu guda. Na ga irinsu a asibitin soja, ɗaki guda cike. Kina iya yini kina yi masu magana, ba su san da su kike ba. Soja ba ya ɗaga kai sai an kira sunanshi. Da shi za ki fara."

"In ce ɗana, ba ya isa?"

"Kowa ɗan wani ne."

"Kai ka kira shi mana, tunda kai saje ne."

"In na kira shi zai miƙe shi ƙame, shi koma inda kike son fiddo shi. Ke za ki kira."

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Shekara ashirin da shida, Malam. Bakina bai san shi ba. Ranar suna ma toshe kunne na yi."

Tun daga nan, kullum aka zo darasi sai ta gwada. Ta buɗe baki, leɓɓanta su haɗu, sai iska kawai ta fito, sannan ta ce "se muwa," wato ni ce. Kullum da wannan gurbin a gaba, kamar an cire haƙori. Na daina jin haushi, na koma jin tausayi, wanda ya fi haushin nauyi. Rannan har na ce mata ta dube ni ta kira ni, ai ni ba ita ta haife ni ba. Ta dube ni ɗin, idonta ya kawo ruwa, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi ba sallama.

Aka yanke gero. Manu ya aiko cewa ran Lahadi za a tafi da yaron. Inno ta hau motar kasuwa zuwa Kurfi ran Juma'a, ta ƙarasa Wurma a ƙasa. Ni da Saje muka bi ta a kekuna ran Asabar, muka isa da hantsi. Dammunan gero jingine ko'ina, tsuntsaye na tashi daga kara, rana ta yi laushi, komai ya yi kamar ba a farke ake ganinsa ba.

Ɗan nata yana gindin tsamiya a bayan ruga, zaune a kan akwatin ƙarfe, ya harɗe hannu a gwiwa. Kyakkyawan saurayi, kamarsu ɗaya da Inno. Leɓɓansa na motsi. Mutanen ruga suka taru nesa kaɗan, mata da tsofaffi, har da surukan Inno, Manu a gaba ya dogara da sanda. Duk an ji labarin ta je birni ta koyo bakin Nasara, kowa na son ya ga abin da zai yi.

Ta je ta durƙusa a gabansa. Ta ce banjur. Ta ce ita ce, ta zo, ya tashi su je gida, tsaf yadda aka koya mata, har Saje na gyaɗa kai. Ta sake. Ta ƙara da duk abin da ta sani, ta tambaye shi lafiya, ta ƙirga masa ɗaya zuwa goma, ta gaya masa sunan ruwa da na burodi. Ko ƙifta ido bai yi ba. Maganarta ta bi ta gefensa ta wuce.

Manu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Inno, ya isa hakanan. Kin yi iyakar yinki."

Ba ta waiwaya ba. Na ga ta sauke mayafin daga bakinta, ta ɗora hannu biyu a ƙasa kamar mai shirin ɗaukar kaya mai nauyi. Ta rufe ido.

"Mahmuda," ta ce. "Se muwa."

Ni na fara zabura, don sunana ne, ban kuma taɓa jin an faɗe shi haka ba, da rawar murya, harafi-harafi, kamar mai taka ruwan da bai san zurfinsa ba. Mata suka yi salati suka rufe fuska. Wata tsohuwa ta juya baya.

Leɓɓansa suka tsaya. A hankali ya ɗago kai, ya dubi sama, ya dubi tsamiya, sannan ya dube ta. Ya daɗe yana kallonta.

"Na'am," ya ce. Da Hausa, da muryar wanda aka tasa daga barci. "Goggo, ke ce?" Haka ya tashi yana kiranta, yadda 'ya'yan Manu ke yi.

"Ni ce."

"Ke kika kira ni?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na sauka a haɓarta.

"Ban taɓa ji ba," ya ce. "Sake hwaɗi."

Ta sake faɗa, a gaban wanta da surukanta da kowa, wannan karon ba Faransanci ko kalma ɗaya a tare da shi.