Kiɗan da Aka Rataye a Gidan Mukhtaru

A shekarar 1965 akwai mutum goma sha huɗu a Makka da ba su da wata hira sai ta kiɗan Tsoho Mai Gurmi. Ana kiran su 'yan tabarma, domin kowa da tabarmarsa yake zuwa. Akwai mai ɗinkin tanti a cikinsu, da mahauta biyu, da mai tsire a unguwar Mansur. Sauran 'yan dako ne da masu ɗiban ruwa. Duk inda Tsoho zai yi kiɗa, suna ko biki, sai ka gan su sun hau dutsen Nakkasa a jere, tabarmi a hammata.

Tsoho da mutanensa biyu, Hassan mai ƙwarya da Ɗanjuma mai kalangu, ba sa waƙa kuma ba sa roƙo. Take ɗaya suke ɗauka bayan La'asar, a tsakar gida, ƙofa a rufe, su yi ta juya shi. Gurmi ya yi wani waje, kalangu ya bi shi, ƙwarya ta riƙe musu hanyar dawowa. Abin da suka kaɗa jiya ba sa maimaita shi yau. Shi ya sa 'yan tabarma ba sa fashi, don abin da ya wuce ka ya wuce ke nan. Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo rikoda daga Jidda. Zaren rikodar ya ƙare tun Tsoho bai gama gaisawa da tsirkiyarsa ba.

Aibin Tsoho ɗaya ne. In ya rufe ido bai san lokaci ba. Saboda haka aka yi al'adar finjali. Wanda ya fi kowa ƙarancin fashi shi ke zama a hannun damansa, da finjalin shayi na gilashi a kan faranti. In ya ga kiɗa ya kai inda zai kai, sai ya kife finjalin. Tsoho ya ji ƙarar, ya kaɗa ƙarshen taken, a ce an sauke. Wanda aka sauke ba ya nan ya yi fashi. Wanda ya iso kafin a sauke, ko da takalminsa yana hannu, ya samu.

Shekara goma sha ɗaya finjalin yana hannun Ja'afaru mai ɗinkin tanti, wanda bai taɓa fashi ba. Mukhtaru mai tsire ke bi masa. Fashinsa ɗaya tak, ranar da aka cire masa haƙori, kuma shekara tara ke nan yana cewa ba a yi masa adalci ba. Ya daɗe da yin nazarinsa: in Ja'afaru ya yi fashi sau ɗaya sun yi kunnen doki, shi kuwa ya girme shi da shekara uku, finjali ya dawo gare shi.

A watan Zulkida 'yar Mukhtaru, Asiya, ta haihu a gidan mahaifinta. Tsoho ba ya sanar da kowa inda zai yi kiɗa, mai gida ne ke zagayawa ya gaya wa 'yan tabarma. Mukhtaru ya zagaya gida goma sha biyu a ɓoye, sannan ya je shagon Ja'afaru.

"Ya Ja'afaru, na samo maka aiki," in ji shi. "Muɗawwifin nan mai kula da alhazai da nake kai wa nama yana da tanti arba'in a Mina, ɓera ya cinye gindinsu, ga alhazai sun fara sauka. Na ce masa duk Makka babu allura irin taka."

"To sunan fa? Na ji Asiya ta sauka lafiya."

"Suna ai na mata ne, ya shehi. Rago, addu'a, halas. Tsoho sai ranar arba'in."

"Ka tabbata?"

"Ni da jikana? Abu ɗaya dai, na yi wa mutumin alƙawari ba za ka bar Mina ba sai ka ɗinke na ƙarshe. Kada ka ba ni kunya."

Ja'afaru ya ɗauki alƙawari. Saura kwana biyu suna ya ɗaure allurai da zarensa ya tafi.

Ranar suna, bayan La'asar, mutum goma sha uku suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Mukhtaru. Kowa ya ga gurbin da ke hannun daman Tsoho, kowa ya ga Mukhtaru ya zauna a ciki da sabuwar riga. Ɗanjuma ya ciro finjali daga jakar gurmi, inda yake kwana, ya ajiye a kan faranti yana kallon ƙasa. Aka fara.

Mukhtaru ya bari aka yi kamar awa ɗaya, don kada a ce ya yi zumuɗi. Sannan ya shanye shayinsa, ya kife finjali. Tsoho bai motsa ba. Ya ɗaga ya sake kifewa da ƙarfi. Gurmi ya ci gaba da tafiyarsa. A na uku farantin ya yi tsalle.

"Baba Mukhtaru, za ka fasa mana," in ji Ɗanjuma ƙasa-ƙasa, hannunsa bai bar kalangu ba.

Haka aka yi har ladanin masallacin ƙasan dutse ya kira Magariba. Tsoho ya ɗauke hannu a tsakiyar kiɗa, ya buɗe ido.

"Malam Tsoho, sau uku na kife," in ji Mukhtaru.

"Na dai ji wani abu kamar kaza tana tsattsagar faranti. Ina Ja'afaru?"

"Yana Mina. Ya yi fashi. Finjali nawa ne yanzu."

"An sauke ne?"

"Ai kai ne ka ƙi saukewa."

"To in ba a sauke ba, ina fashin?" in ji Tsoho. "In bai yi fashi ba, finjali nasa ne. In nasa ne, wa ya aike ka?"

Zali mahauci ya bi maganar a kan yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe, ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi. A shekara goma sha ɗaya babu wanda ya taɓa lura da wannan, domin Ja'afaru bai taɓa ba su dalilin lura ba.

Kiɗan da aka tsayar ba a sauke ba, rataye shi aka yi. Sau ɗaya hakan ta taɓa faruwa, shekarar da ruwan sama ya gangaro Nakkasa ana tsakiyar biki, kuma tun lokacin an san hukuncinsa: ba a naɗe tabarma, butar shayin mai gida ba ta hutawa, gobe bayan La'asar a ɗora daga inda aka tsaya. Suka yi alwala suka fita, suka bar tabarmi goma sha uku a shimfiɗe.

Hadijatu matar Mukhtaru ta fito ta tsaya a kansu.

"Malam, waɗannan na su wane ne a tsakar gidana?"

"An rataye ne. Gobe za a sauke."

"Ni mai jego gare ni. Garwa shida take wanka da ita kullum, daga ƙasan dutse ake hawo da ita. Gaya mini da wacce zan dafa wa ƙartinka shayi."

Washegari ba a sauke ba. Labari ya bazu cewa Tsoho ya rataye, kuma masu jin labarin ratayen farko a bakin manya suka ce wannan ba zai wuce su ba. Mutum talatin da ɗaya suka zo. Rana ta uku sun kai sittin, har da wasu biyu da suka biyo motar kaya daga Jidda. Aka cika tsakar gida, aka hau katanga. Mukhtaru ya gwada kifewa a hankali, ya gwada da hannun hagu, ya sa Zali ya kife masa. Tsoho ko gira bai ɗaga ba. Abin da ya fi ci wa Mukhtaru rai shi ne kiɗan kullum ƙara daɗi yake yi, shi kuma hankalinsa yana kan garwa.

Da safiyar rana ta huɗu ya tarar da takalmansa a bakin ƙofa, an juya su suna kallon hanya. Aikin Hadijatu ne. Ya sa su ya kama hanyar Mina a ƙafa.

Ya sami Ja'afaru a inuwar wani tanti, ƙafa a miƙe, yana goga kakin zuma a zare. Labarin ya iske shi tun ranar farko a bakin wani mai ɗiban ruwa.

"Marhaba da kakan jariri," in ji Ja'afaru. "Har an yi arba'in ɗin? Kwanaki suna gudu."

"Tashi mu tafi."

"Ina? Ni da na ɗauki alƙawari? Wani babban mutum ne ya ce kada in ba shi kunya."

"Na yafe."

"Ba naka ba ne da za ka yafe, na muɗawwif ne. Saura biyar." Ya zaro babbar allura ya miƙa masa. "Ka ɗauka tsinken tsire ne. Sai dai wannan ba ka ɗanɗanawa."

Mukhtaru ya zauna ya yi ɗinki. Ya soke babban yatsansa sau huɗu, Ja'afaru ya warware masa layi biyu ya sa shi ya sake. Suka gama bayan Azahar. A hanyar dawowa Mukhtaru ne ya ɗauki jakar kayan aiki, domin Ja'afaru ya ce kafaɗarsa ta gaji, kuma mai kife finjali yana bukatar hannunsa.

Sun iso an riga an ɗora. Jama'a suka dare, Ja'afaru ya tsallake ƙafafu ya zauna a gurbinsa, Mukhtaru a gefensa. Aka zuba wa Ja'afaru shayi. Ya hango Hadijatu a bayan labule, ya ɗan sunkuyar da kai.

"Saboda Hajiya zan taƙaita," ya ce wa Mukhtaru. "Ba saboda kai ba."

Ya sha shayin a kurɓi uku. Ya juya finjalin a hannu, baki ƙasa, ya fara sauko da shi.

A daidai nan Tsoho ya bar taken gaba ɗaya. Ya koma kan tsirkiyar ƙasa yana taɓa ta ɗaya-ɗaya, kamar mai saukowa dutse da tulu a ka. Hassan ya ɗauke hannu daga ƙwarya. Kalangu ya shige gaba shi kaɗai, gurmi yana bin sa a baya, abin da ba a taɓa ji ba tun da aka san su. Mutum sittin suka daina motsi.

Mukhtaru ya cafke wuyan hannun Ja'afaru.

"Kada ka kuskura," in ji shi.

"Sake ni, ya shehi. Kai ne ka je har Mina."

"Ba ka ji inda ya nufa ba? Bar shi ya kai."

"Matarka tana kallo."

"Ta kalla."

Ya riƙe shi da yatsan da allura ta soke. Ja'afaru bai yi wata kokawa ta kirki ba, shi ma kunnensa yana can. Ƙwarya ta dawo a hankali, su uku suka haɗu suka nufi taken farko ta wata hanya daban. Sun kusa isa ladani ya kira Magariba. Tsoho ya ɗauke hannu.

Finjalin yana sama, tazarar yatsa biyu da faranti.

"An rataye," in ji Zali.

A bayan labule murfin tukunya ya faɗi ƙasa, ya daɗe yana juyawa.

Rana ta biyar Hadijatu da kanta ta zauna a ƙofar gida a kan kujera. Duk mai son shiga sai ya nuna garwar ruwan da ya hawo da ita, har mutanen Jidda. Mutum saba'in da huɗu suka shiga. Asiya ta yi wanka da ruwan da babu mai jegon da ta taɓa samu a Nakkasa. Da aka fara kiɗa Hadijatu ta fito da jaririn a naɗe, ta ɗora wa Mukhtaru a hannu biyu, ta ce in ya ajiye shi ta gani.

Saura kamar rubu'in awa Magariba Ja'afaru ya kife finjali sau ɗaya, ƙas. Tsoho ya kaɗa ƙarshen taken da ya ɗauko kwana huɗu da suka wuce. Aka sauke da Ja'afaru a zaune, babu fashi a kansa, finjali ya ci gaba da zama nasa. Kowa ya naɗe tabarmarsa, Hadijatu ta bi bayansu da tsintsiya.

Tsoho yana mayar da gurmi jaka ya tambaya ko wa ya riƙe hannun Ja'afaru jiya. Aka ce Mukhtaru ne.

"Yana da kunne," in ji Tsoho. "Hannu ne ba shi da shi."

Mukhtaru ya ji. Da safe ya buɗe wurin tsirensa a Mansur, yatsa a ɗaure, kuma kafin Azahar ya maimaita wa mutum tara rabin maganar na farko.