Tafiyar Balbela

Abla Tahani, wato Malama Tahani, na ɗaura wa yara koren ƙyalle a wuya don wasan da za su yi a gaban iyaye, sai ga shugaban makaranta, Ustaz Milad, ya yi sharkaf da gumi.

"Hajji Sha'aban na sahun gaba da sandarsa. Ya rantse in ya ga an karkaɗa ƙugu, daga yau darasinki ya mutu."

Hajjin shi ne dagacin wannan ƙauye na lardin Fayyum. Kalmar rawa kawai ya ji, bai tambayi wace iri ba. Irinsa suna da yawa, sai sun yanke hukunci sannan su zo kallo. Alhali Tahani ba abin da ta yi illa kai yara bakin kududdufin bayan gonaki, ta ce su duba halittun ciki su kwaikwaya.

Aka buga ganga. Masu kwaikwayon talibambam suka fito suna wutsil-wutsil, kwaɗi na tsalle, furannin bado na buɗe hannuwa a hankali. Sai ga balbela, wato Rawiya jikar Hajjin, tana sauri kamar an biyo ta.

Hajji ya doka sanda a ƙasa. "Ku dakata!"

Ganga ta yi shiru. Ustaz Milad ya runtse ido.

"Ke Rawiya, wannan ce balbela? Ai wannan agwagwa ce ta hango wuƙa! Abla, haka kike koya musu?"

Tahani ta matso. "Ni 'yar Alƙahira ce, ya Hajji, ban tashi da balbela ba. Ko za ka gwada mata?"

"Tun ina yaro take bin garmata!"

Ya miƙa wa Milad sandar, ya tattare jallabiya. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya tsaya cak, ya miƙa wuya, sannan ya sauke ta sannu kamar mai gudun firgita kifi. Tahani ta ƙyafta wa mai ganga ido. Rawiya ta bi bayan kakanta, kwaɗi suka kewaye su.

Daga sahun mata, Hajja Nabawiyya matarsa ta rangaɗa guɗa. "Rabon da gwiwar nan ta lanƙwasu haka tun ranar bikinmu!"

Tsakar makaranta ta ɗauki tafi.

Hajji ya karɓi sandarsa yana haki. "Wannan ba rawa ba ce, ilimi ne," in ji shi, fuska a murtuke. Ya juyo wajen Tahani. "Kwaɗin nan ma da sauransu. Wace rana ce darasin?"

"Laraba, ya Hajji."